15 ga Janairu: wuni a wurin Kawu a Agege

Motar albasa ba ta iso kasuwar Mile 12 ba yau, don haka bayan azahar na bar wa yaro rumfa, na hau danfo zuwa Agege. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya ce. A rana irin ta yau a 1970 Philip Effiong, jagoran Biyafara a lokacin, ya miƙa wuya ga Janar Gowon a barikin Dodan, nan cikin Ikko, yaƙin basasa ya ƙare. Na tarar da Kawu kan tabarma da rediyonsa, kuma yau bakinsa ya buɗe fiye da yadda na saba ji.

Dako yake yi a tashar jirgin ƙasa ta Iddo a watan Agustan 1967, lokacin da labari ya zo cewa sojojin Biyafara sun ƙetare kogin Kwara, sun kama Binin, har sun iso Ore a kan hanyar Legas. Aka shiga ɗibar kurata cikin gaggawa, har da Kawu. Horon bai taka kara ya karya ba, aka zuba su cikin Runduna ta 2 ƙarƙashin Murtala Muhammed. Ya ce a gumurzunsa na farko bai ga fuskar abokin gaba ko ɗaya ba. Kurmi ne, da ruwan sama, da ƙarar igwa, shi kuwa ɗan Katsina bai taɓa shiga daji mai duhu da rana tsaka ba. Inda saje ya nuna, nan yake harbi.

Abin da ya fi daɗewa a kai shi ne bin sawu. An ƙwace Binin ranar 20 ga Satumba, daga nan aka bi sojojin Biyafara ta Agbor zuwa Asaba. Kana tafiya ƙafa a kumbure, kana tarar da takalmin da aka yar, da tukunya kan murhu wuta ba ta mutu ba, da wanda rauni ya hana shi gudu ya jingina da bishiya. "Ɗana," in ji shi, "a fagen daga tsoro ne ke riƙe da kai. In kana bin mai gudu, tsoron ya tafi, fushi ne ya rage." Da suka isa bakin kogi sun tarar an karya gada, waɗanda ake bi sun tsallaka Anacha. Fushin nan ya sauka a kan mutanen gari. Ranar 7 ga Oktoba aka tara maza da samarin Asaba aka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Kawu ya ce gadi yake yi a bakin ruwa, ya ji harbin, ya san abin da ake yi, kuma har yau yana neman gafarar Allah kan wannan rana.

Jikina ya yi sanyi. Mu mun taso ana ba mu labarin kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma ranar 15 ga Janairu aka yi a 1966, kuma ya cancanci a riƙa tunawa. Amma Asaba, da Inyamuran da aka kashe a garuruwan Arewa a 1966, ban taɓa jin su a zaure ko a aji ba. A ganina ya kamata 'ya'yanmu su ji duka.

Ƙetarawa Anacha a jiragen ruwa cikin Oktoban nan bai so ya faɗaɗa ba. Ya dai ce yawancin abokansa ba su iya iyo ba. Sai garin Abagana, ranar 31 ga Maris 1968, inda aka yi wa ayarin motocinsu kwanton ɓauna. Makami ya faɗa kan tankar mai, wuta ta bi motocin harsasai ɗaya bayan ɗaya. Nan shi ma ya zama abin bi, ya kwana cikin gonar rogo da ƙuna a ƙauri yana jin muryoyin masu nemansu. Ya ɗaga wando ya nuna mini tabon.

Na ce, "Kawu, ka yarda in naɗi maganarka a waya?" Ya ce in dawo ranar Asabar da hantsi kafin ƙafar ta fara damunsa, in kuma taho masa da man zafi da batir.