Abin da na koya a kulob ɗin jiragen iska na bakin Shuɗin Nilu

Duk wanda ya yi zaman Khartum ya san titin Nilu, wanda ya bi gaɓar Shuɗin Nilu ya wuce ta gaban Jami'ar Khartum da fadar shugaban ƙasa, har ya kai Mugran inda ruwan da ya taso daga Habasha yake haɗuwa da Farin Nilu. Amma ba kowa ne ya taɓa leƙa wata ƙofa da ke kusa da gadar Mak Nimir ba. Bayan ƙofar nan akwai kulob ɗin masu tuƙa ƙananan jiragen da iska ke turawa, Blue Nile Sailing Club, wanda aka kafa a 1926. Ina karatu a Jami'ar Afirka wani abokina ɗan Bahri, garin da ke tsallaken kogin ta arewa, ya kai ni wurin, na kuma riƙa zuwa har na kammala. Duk abin da zan faɗa ya faru ne kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, wanda ya mayar da wannan yanki na birnin fagen fama.

Abin da idonka zai fara faɗawa kansa shi ne wani tsohon jirgin yaƙi zaune a kan tudu. Sunansa Melik. A Ingila aka ƙera shi, aka kawo shi gunduwa-gunduwa aka harhaɗa a bakin Nilu, yana kuma cikin jiragen da Kitchener, kwamandan sojan Ingila, ya yi amfani da su a yaƙin Karari na 1898, inda aka kashe dubban mabiya Mahadi. Daga baya ya zama ofishin kulob ɗin yana ɗaure a kan ruwa, har wata ambaliya ta ƙarshen shekarun 1980 ta ɗauke shi ta dire a gaɓa. Ni ban taɓa iya zama a inuwarsa ba tare da na tuna wannan tarihi ba, musamman da yake a kan wannan kogin, kudu da Sinnar, garin Maiwurno yake, inda mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka yada zango. Jikokin waɗanda aka harba da bindigogin jirgin su ne a lokacin suke shan shayi a gindinsa, kuma su ne masu kulob ɗin.

Jiragen da ake tsere da su na ƙarfe ne, tsawonsu kamar ƙafa 18, ƙirarsu ɗaya tun shekarun 1930. Kowanne yana da doguwar sanda a tsaye, da babban ƙyalle a bayanta, da ƙarami a goshi, sai wani faifan ƙarfe da ake saukewa ta tsakiyar jirgin ya shiga ruwa domin kada iska ta riƙa tura jirgin gefe. Da yake ƙirar ɗaya ce, ba wanda zai ce kuɗinsa ne ya ci masa tsere. Hannu ne da ido.

Ƙarfe kuwa abokin gābar ruwa ne, kuma a nan na fahimci yadda kulob ɗin yake rayuwa. Ba a fara ba ni igiya ba, takardar goge tsatsa aka fara ba ni. An kifar da wani jirgi a kan tsofaffin tayoyi, wani dattijo da kowa ke kira Ammu yana durƙushe yana bin gindinsa da ɗan guduma, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Inda ƙarar ta fito da kauri sai ya wuce, inda ta yi sanyi sai ya zana da'ira da alli, alamar nan ƙarfen ya ci, sai mai walda ya zo. Ya miƙo min takardar ya ce, "Ɗana, ka goge har ka ga farin ƙarfe, kada ka bar ja ko ɗigo, in ka bari fenti zai rufe shi ya ci gaba da ci a ɓoye." Muka wuni a kai, mu da wani likita, da wani malamin makaranta, da yara biyu 'yan sakandare. Babu wanda aka biya ko sisi. Aikin gayya ne tsantsa, kuma shi ya sa jiragen da suka girmi iyayenmu suke iyo har lokacin. Makon da ya biyo baya, ba tare da na roƙa ba, Ammu ya ce in sa rigar ruwa mai hana nutsewa in hau in riƙe masa igiyar ƙaramin ƙyalle. Na ga baƙi da yawa sun zo ranar tsere da tufafi masu kyau, sun tsaya a gaɓa suna jiran a gayyace su, sun gaji sun tafi. Wanda ya zo ranar fenti kuwa ba ya rasa wuri a jirgi.

Lokacin tuƙi mafi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da iskar arewa take kaɗawa kullum, daidai da lokacin hunturu a wajenmu. A gaban kulob ɗin kogin yana gangarawa ne daga gabas zuwa yamma, saboda haka iskar tana zuwa ta gefe, daga ɓangaren Bahri. Wannan sa'a ce ga mai koyo, domin jirgin iska ya fi sauƙin sarrafawa idan iskar ta bugo shi ta haƙarƙari. Ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. In inda kake so ka je yana ta inda iskar ke fitowa, sai dai ka riƙa karkacewa, ka yi dama ka yi hagu da kusurwa kamar digiri 45, kana juya ƙyallen a kowane karo. Lokacin juyawar nan matuƙi yakan yi magana da ƙarfi, mataimaki ya saki igiya ɗaya ya ja ɗayar, dukansu su sunkuya domin sandar da ke kwance ƙarƙashin babban ƙyalle ta wuce ta samansu, sannan su koma ɗaya gefen su zauna a baki, su jingina baya su danne jirgin da nauyinsu.

Amma babban darasin kogi ba na iska ba ne, na gudun ruwa ne. Mai koyo idonsa yana sama yana kallon ƙyalle, tsofaffin hannu kuwa ƙasa suke kallo. Ammu yakan jefa ɗan kara a ruwa kafin a fara tsere, ya bi shi da ido ya ga saurin tafiyarsa. In za ka haura gabas, ka manne wa gaɓa inda ruwan ba shi da ƙarfi, ko da hanyar ta fi tsawo. In za ka gangaro, ka fito tsakiya ruwan ya ɗauke ka. In za ka zagaye alamar da aka kafa a ruwa, kada ka nufe ta kai tsaye, ka nufi samanta da tazara, domin kafin ka isa ruwan ya riga ya janyo ka kanta. Ƙarƙashin gada kuma iska takan ɗauke ɗif, ƙyallen ya saki, alhali ruwan yana ƙara gudu tsakanin ginshiƙai. Dole ka shiga da saurinka, ka riƙe sandar tuƙi ba motsi har ka fita. Na taɓa ganin jirgin da yake gaba da kowa ya koma na ƙarshe a wurin nan cikin minti biyu.

Dokokin tseren na duniya ne, kuma kaɗan ne mai farawa yake bukata. Ana busa ƙaho saura minti 5, saura 4, saura 1, sannan na tashi. Idan jirage biyu suka nufi juna, wanda iska ke bugowa ta hagunsa shi ne zai kauce wa wanda take bugowa ta damansa. A gaban kulob ɗin, da iskar arewa, wannan na nufin mai haurawa gabas ne yake ba mai gangarowa hanya. Wanda ya taɓa alama zai juya jirginsa sau ɗaya, wanda ya tare wa wani hanya ba bisa ƙa'ida ba zai juya sau biyu. Abin da ya fi burge ni shi ne babu alƙali a tsakiyar ruwa. Kai ne za ka hukunta kanka, ko da ba wanda ya gan ka. Kuma mutane suna yi.

Bayan la'asar, in an ja jirage an naɗe ƙyallaye, sai a koma wajen mai shayi. Tana zaune a kan 'yar kujera gaban murhun gawayi, da kwalabe jere a gabanta, na citta, na kirfa, na kanumfari, na na'ana'a da na zoɓo. Tana daka gahawa a ɗan turmi, ta zuba a tulun jabana mai dogon wuya, ta toshe bakinsa da ɗan zaren kaba domin tacewa, ta ɗora turaren wuta a gefen faranti. A nan ake jin labarin kulob. Akwai allon sanarwa mai ɗauke da sakamakon tsere da sunayen masu aikin mako mai zuwa, amma ainihin labari a bakin mutane yake: wane ne zai aurar da 'ya, mahaifiyar wa ke asibiti, jirgin wa ya fara yoyo, ina sabon tudun yashi ya fito a ƙasan tsibirin Tuti, nawa galan ɗin fenti ya koma a kasuwa. Da farko na ɗauka hira ce kawai. Sannu a hankali na ga cewa daga nan ake yanke kome. Kafin a tashi an san wanda zai je dubiya, an haɗa kuɗin mai walda, an samo wa wanda mataimakinsa ya yi tafiya wani mataimakin. Gardamar tsere ma a nan take mutuwa, da murafun kwalabe da cokula a kan tebur a matsayin jirage, kowa yana nuna inda yake lokacin da aka yi karo.

Ana samun baƙi ma. Matafiya masu ratsa Afirka daga Alƙahira zuwa kudu a kan babura da manyan motoci sun daɗe suna kafa tantinsu a filin kulob ɗin. Da azumi kuwa tuƙi yakan ragu, sai a shimfiɗa tabarmi a sha ruwa tare, kowane gida ya aiko da tire, ga asida, wato tuwonsu, ga ful na wake, ga abin sha na hilumur mai sanyi. Ni da nake baƙo ban taɓa zuwa da kome ba sai dabino, kuma ban taɓa jin an nuna min bambanci ba.

A kan abu biyu ne kawai ba a wasa. Na ɗaya rigar ruwa. Ko ka fi kifi iya iyo, ba za ka taka jirgi ba sai ka sa ta ka ɗaure, kuma ba a ƙara mutum ɗaya a kan adadin da jirgin yake ɗauka. Duk sa'ad da na ji labarin kifewar kwale-kwale a Kebbi ko Neja, nakan tuna yadda yaro ɗan shekara goma sha biyu a can yake iya hana babban mutum hawa saboda bai sa riga ba, kuma dattawa su goya masa baya. Na biyu habub, guguwar ƙurar da ke taso wa Khartum a watannin zafi da farkon damina. Da zarar an hango jan bango ya taso a sararin sama, ba a tsayawa shawara. Kowa ya nufi gaɓa mafi kusa, a sauke ƙyalle, jirgin ceto mai inji ya zagaya ya ƙirga kowa.

Daga Yuli ruwan yakan fara hawa, ya koma ja saboda lakar tsaunukan Habasha, yana ɗauke da itatuwa da ciyayi, kuma tuƙi ya tsaya. A watan Satumba na 2020 Nilu ya haura mita 17 a Khartum, ya wuce abin da aka gani a 1946 da 1988, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku. Mutanen Tuti suna kwana suna jera buhunan yashi, kuma da yawa daga matasan kulob can suka koma taimako, domin sun san igiya sun san ruwa. Waɗanda suka rage suka janye jirage zuwa tudu, suka ɗaure su da juna da jikin bishiyoyi, suka kwashe ƙyallaye da injina zuwa gidajen mutane. Da ruwan ya janye ya bar laka har gwiwa. An yi makonni ana kwasa da shebur da baro, mata suna kawo abinci, mai shayi ta matsar da murhunta bakin ƙofa. Sai da aka wanke kowane jirgi, Ammu ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya da gudumarsa da allinsa, aka liƙe waɗanda suka ɓule. Iskar arewa tana dawowa aka mayar da su ruwa, kuma a tseren farko na kakar nan aka ba ni sandar tuƙi, wani yaro sabon zuwa ya riƙe min igiyar goshi.