Bini da zugu ya ci mini damina biyar

A daminar 2008 na ɗauki gonar da muka gada a wajen mahaifinmu, wadda ta saba cika mana rumbu da gero, na dasa mata bini da zugu daga kai har gindi. I, shi dai wannan da ake shinge da shi don akuya ba ta taɓa shi. Mutanen wani kamfani ne suka zo ƙofar gidan dagaci suna kiransa jatrofa, suka ce da 'ya'yansa ake yin man dizal, ba ya son taki, ba ya son ruwa, ko a fako ka jefa shi zai tashi, kuma duk abin da muka tara su za su saya. A lokacin gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, a watan Yuli ma ta taɓa 147. Gwamnatin tarayya kuma ta fitar da tsarinta na man tsirrai tun 2007. Wa zai ƙi?

Da na tsaya a fakon da ke bayan gari, da yau ba ni da abin ba da labari. Can na fara. Zari ne ya sa na ce in fako zai ba da kuɗi, ina ga ƙasa mai kyau, na haɗa har da gonar geron. Kawuna ya same ni ina jan igiyar layi, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ɗan nan, itacen da sunansa ke cewa a biyo shi da likkafani, shi za ka ba gonar ubanka?" Na ce, "Kawu, zamani ne ya canza." A ƙarshen shekarar na ji labarin jirgin saman Air New Zealand ya yi gwajin tashi da man wannan itace a ɗaya daga cikin injinansa, na taka har gida na gaya masa. Bai ce komai ba, goronsa ya ci gaba da ci.

Maganar cewa ba ya mutuwa gaskiya ce. Abin da ba a gaya mana ba, rashin mutuwa daban, yin 'ya'ya daban. Na fakon nan shekara uku yana tsaye kamar sandunan makiyaya, da rani ya zubar da ganye, da damina ya ɗan yi kore, fure kuwa sai ka nema. Waɗanda muka dasa da reshe ma gara ta cinye da yawa, don reshe ba ya yin doguwar saiwa irin ta wanda aka shuka da ƙwaya. Inda ya yi 'ya'yan kirki shi ne gonar geron, gefen da nake zuba takin gida. Wato ƙasar da zai ba ka mai ita ce dai ƙasar da za ta ba ka tuwo, ni kuwa na riga na ba shi tawa.

Tsinkarsa ita ta ƙarasa ni. Ba ya nuna lokaci ɗaya. A reshe guda za ka ga kore, ga rawaya, ga wanda ya yi baƙi ya bushe, sai ka riƙa komawa kowane mako kana zaɓa da hannu, kuma daidai lokacin kaka, lokacin da duk wani mai ƙarfi yana wajen girbi, lada ta yi tsada. Ka ɓare, ƙwaya uku ce a ciki. Kafin ka sami lita ɗaya ta mai sai ka matse kilo huɗu ko fiye. Ruwan jikinsa kuma in ya ɗiga a riga, ta zama ta gona har abada.

Ana haka kasuwar ta riga ta watse ban sani ba. Kafin Disambar 2008 ta ƙare gangar mai ta faɗo ƙasa da dala 40. A 2009 kamfanin BP ya janye daga haɗin gwiwarsa da D1 Oils kan wannan itace, a 2011 kuma kamfanin Sun Biofuels mai noman itacen ya durƙushe a Tanzaniya. Namu mutanen, lambarsu ta daina shiga. Ko takarda ɗaya ba mu sa wa hannu ba, da baki aka yi komai.

Da gyaɗa na shuka aka ƙi saya, da mun ci, mun yi ƙuli-ƙuli, dabbobi sun ci harawa. Wannan kuwa tunkuzarsa ma guba ce, ba ka isa ka ba tunkiya ba. Buhunan suna jibge a zaure yaran maƙwabta biyu suka ɗiba suka tauna, don a baki kamar gyaɗa yake. Amai da gudawa, a asibiti muka kwana. Allah ya taƙaita, amma kunyar da na ji a gaban ubansu ba ta bar ni ba. Gero kuwa shekara biyar a kasuwa nake awo, ni da nake ba wasu zakka.

Ban ce itacen ba shi da amfani ba. Uwargida ta sa an matse mata kaɗan ta yi sabulu, ya yi kumfa, mata suka saya. A Garalo ta ƙasar Mali ma an yi aikin ba gari wutar lantarki da mansa, amma can mai sayen yana cikin garin, kuma manoma suna shuka shi tare da amfanin gonarsu na abinci. Duk mai sha'awa ya jera shi a iyakar gona, ya shuka da ƙwaya, ya tare masa dabbobi da zaizaya, abin da ya tsinta riba ce. Tsakiyar gona dai kada ya kuskura, ko da wa ya zo da mota.

A 2013 na biya 'yan ƙwadago suka tumɓuke shi, wanda aka sare kawai aka bar kututturen sai da ya sake tohowa. Layi ɗaya na bari ta gabas. Har yanzu in Kawu ya biyo ta wurin sai ya tsaya ya ce, "Alhaji, yaya rijiyar man?"