Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Na Kai Ƙwallon Duniya Majalisa

Jama'a barkanmu da warhaka. Makon jiya mun tsaya inda aka maido ni cikin birnin Katsina ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, toh a 2007 ke nan. Cikin watan Agusta muka ji a rediyo Rasha ta tura ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa ya kafa tutarta a ƙasan teku can ƙuryar arewacin duniya, zurfin sama da mita 4,000. A majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura aka yi ta dariya, Baba Alhaji ya ce mani, "Malam, wane irin rashin aikin yi ne wannan, wurin da ko gero ba ya tsirowa?"

Washegari na ɗauro ƙwallon taswirar makaranta a bayan mashin, na ce kowa ya leƙo ta sama. Ita taswirar bango yaudara gare ta, ta aje Amurka can hagu Rasha can dama kamar ba su san juna ba, alhali ta saman nan maƙwabta ne, duk makami mai linzamin da ɗaya zai harba ma ɗaya ta nan ya fi kusa. Shi ya sa tun 1951 Amurka ta gina sansanin Thule a Girinlan, wani babban tsibirin ƙanƙara da ke ƙarƙashin ƙasar Danmak, tana sa ido, a 2023 ma aka sake mashi suna Pituffik. Ita kuma Rasha rundunar ruwanta ta arewa na Seberomosk kusa da Murmansk, kuma ita kaɗai ke da jiragen fasa ƙanƙara masu aiki da nukiliya, ga ƙanƙarar na ta narkewa hanyar jiragen kaya na buɗewa wadda ta fi ta Suwez kusa tsakanin Turai da gabashin Asiya, ga mai ga gas.

Da Trump ya ce zai sayi Girinlan a 2019 mutane suka ce hauka ne, ni dai wallahi ban ga hauka ba, tun 1946 Amurka ta taya ta dala miliyan 100 Danmak ta ce albarka. Har Sin da ba ta da ko taku ɗaya a can, a 2018 ta kira kanta maƙwabciyar yankin.

Ƙuryar kudancin duniya kam da sauƙi, ƙasashe 12 sun sa hannu a 1959 ba a aikin soja a Antatika.

Baba Alhaji bai gamsu ba, cewa ya yi neman fitina ne kawai. Mako mai zuwa zan ba ku labarin neman aurena na biyu in Allah ya kai mu.