Son maso wani ne, ko son da aka raina?

A shekarata ta biyu a jami'a, malaminmu na adabi ya ba mu aikin gida: kowa ya ɗauki layi ɗaya daga shahararren jawabin Hamlet, jarumin wasan kwaikwayon Shakespeare mai wannan suna, na kashi na uku, fitowa ta ɗaya, ya juya shi zuwa Hausa. Na ɗauki "the pangs of despised love". Ko minti biyar ban yi ba na rubuta: son maso wani, ƙoshin wahala. Har ina yaba kaina, wai na samo karin magana daidai wa daida.

Takardar ta dawo da tambaya guda da jan biro: "Wane ne wanin?"

Na duba, babu shi. Ofiliya, budurwar Hamlet a wasan, ba ta da wani a zuci sai shi. Mahaifinta Poloniyas ne ya hana ta karɓar wasiƙunsa, ita kuwa ta bi umarni. Karin maganar ta zo mini da sauƙi ne, na ɗora wa wasan labarin da ba nasa ba.

Da na je ofishinsa, sai ya nuna mini cewa kalmar ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. Bugun 1604 ya ce "despised", na 1623 kuwa, wanda ya fito bayan rasuwar Shakespeare da shekara bakwai, ya ce "disprized". Ta farko raini ce tsagwaronsa, a dube ka a watsar. Ta biyu ta fi kama da ciniki: ka kai haja mai tsada kasuwa a taya ta da kuɗin goro. Ni dai ta biyun ta fi yi mini ciwo, don mai tayi ko ƙin ka bai yi ba.

Sannan ya sa na karanta maƙwabtan layin: zaluncin azzalumi, wulaƙancin mai girman kai, jan ƙafar shari'a, isar ma'aikacin hukuma. Ashe Hamlet wahalhalun 'yan Adam yake jerowa, ba kukan budurwarsa kaɗai yake yi ba.

"Ci gaba da karatu," in ji malam.

Jawabin na ƙarewa Ofiliya ta miƙo masa kyaututtukansa. Ya ce ya taɓa son ta, bakinsa bai rufe ba ya ce bai so ta ba, har ya ce mata ta tafi gidan mata masu zuhudu. Amsarta gajera ce: ashe an yaudare ta.

Na sake rubutawa: raɗaɗin son da aka karya wa daraja. A gefe na ƙara da fensir, na Ofiliya.