Ranar wanke ginshiƙin sunayen sojoji

Yau da hantsi aka fara aiki a ginshiƙin tunawa da sojoji da ke tsakiyar gari, wanda aka kafa bayan yaƙin 1914 zuwa 1918, daga baya aka liƙa masa allon tagulla na waɗanda suka rasu a yaƙin 1939 zuwa 1945. Kafin ruwa ya taɓa shi, sai da aka ɗauki hoton kowace fuskar ginshiƙin, aka kwafe sunayen duka a takarda. Inda harafi ya shafe, a haska tocila daga gefe, kusan a kwance da dutsen. Inuwa ta faɗa cikin sassaƙar, sai ka ga suna ya fito sarai.

Wankin kansa ba wuya: ruwa mai tsabta da buroshi mai laushi, a jiƙa dutsen sosai, a fara gwadawa a ɗan wuri ta baya. Ban da buroshin waya, yana kankare fuskar dutse ya bar jan tabo. Ban da bilic, gishirinsa na shiga ciki ya bushe ya riƙa ɓarɓashe dutsen. Injin feshin ruwa mai ƙarfi kuwa shi ne babban mai ɓarna, domin dutsen farar ƙasa laushi gare shi, cikin minti kaɗan bakin haruffan ya dakushe.

Abin da ya fi tayar min da hankali yana gindin ginshiƙin. Masu gyaran baya sun cike tsakanin duwatsun da siminti. Siminti ya fi dutsen tauri, kuma ba ya barin danshi ya fita, sai ruwa ya nemi hanya ta jikin dutsen, gefensa ya riƙa zubewa. Dole a ƙwaƙule shi da hannu a mayar da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Akwai kuma tsaga a kusurwa mai zubar da jan ruwa, alamar ƙarfen da ya ɗaure duwatsun ta ciki ya yi tsatsa ya kumbura. Sai an zare shi an sa wanda ba ya tsatsa.

Allon tagulla ba a goge shi ya yi ƙyalli. Duhun nan nasa kariya ce. A wanke, ya bushe, a shafa masa kaki sama-sama.

Sunayen nan ne ya sa ake wannan taka-tsantsan. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, yawancinsu 'yan gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Wanda aka samu nasa a dutse, bai kamata a shafe shi da garaje ba.

Kafin la'asar an gama fuska biyu. Kwaɓin farar ƙasa sai gobe da sanyin safiya, don rana na busar da shi da wuri ya tsattsage.