Ku je Mize da tsofaffinku

Yawancinmu ƴan Yamai ba mu san Gidan Tarihi na Boubou Hama, wanda muke kira Mize, ba sai ranar Sallah. Mu ɗauki yara cikin sababbin kaya, mu kai su ganin zaki da kura da dorina, a sha lemu, a ɗauki hoto, a koma gida. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Yaron da ya taso cikin birni, in ba a Mize ba, ina zai ga dorina ido da ido? Sai dai filin nan kadada 24 ne, kuma dabbobin kusurwa ɗaya ce kawai a cikinsa.

An buɗe gidan a 1959, tun kafin ƙasarmu ta samu ƴancin kai. Boubou Hama, marubuci kuma masanin tarihi wanda ya shugabanci majalisar dokoki, shi ya tsaya tsayin daka kan a kafa shi, wani Bature mai suna Pablo Toucet ya zama shugabansa na farko. Abin da ya fi burge ni a tunaninsu shi ne ba su tara kaya cikin dogon bene ɗaya ba. Sun warwatsa ɗakuna a cikin fili, farare da adon shuɗi, da zanko a kai irin na ginin Hausa, har mutumin da bai taɓa zama aji ba zai shiga ba tare da ya ji an fi ƙarfinsa ba.

Da damina kakata ta zo daga Tawa, na ce bari in fitar da ita ta sha iska. A ɗakin tufafi ta tsaya cak gaban wani baƙin zane mai shuni, ta fara bayani ba wanda ya tambaye ta: yadda ake turin zane a marina, yadda ake buga shi a mabuga har ya yi walƙiya, yadda shunin kan zauna a jikin amarya kowa ya san ta sa sabon kaya. A ɗakin kayan kiɗa kuwa sai da wasu ƴan lakwal suka bar abin da suke yi suka kewaye ta. Ta nuna musu gurmi da goge da kalangu, ta ce kalangu na mahauta ne, kakaki da algaita na ƙofar sarki, talaka ba ya sa a busa masa su komai dukiyarsa. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Maigidana, ashe kayanmu ne aka ajiye a nan?" Takardar da ke manne jikin gilashi tana faɗin sunan abu da garin da ya fito. Wa ake kaɗa wa shi, a wane buki, wa aka hana, wannan yana bakin irin su Kaka.

Daga nan muka gangara wurin masu sana'ar hannu, inda ni nake ganin nan ne ran gidan yake. Mutane ne masu rai, suna neman abincinsu a gabanka. Maƙerin fari Ba'abzine yana zaune gaban gawayi da zugazugi, ya siffata sarƙar Agadas da kakin zuma, ya lulluɓe ta da laka, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. In ta huce sai ya fasa lakar, ya ɗauko magagari. Kowace sarƙa sai an fasa mata nata mazubin, shi ya sa ba ka samun biyu iri ɗaya sak. Gefensa ga baduku da basilla yana ɗinkin jaka da jar fata, ga masaƙi yana jefa ƙoshiya, ƙafafunsa na aiki kamar hannuwa. Akwai masu buƙata ta musamman da ke da nasu wurin aiki, akwai kuma cibiyar da ke koya wa matasa sana'a. Kaka ta ɗauki wani takalmi, ta lanƙwasa shi, ta shinshina, ta ce wa badukun jimarsa ta yi kyau, bagaruwa ta kama fatar. Yadda fuskar mutumin nan ta washe, ko ciniki ya yi ba zai kai haka ba.

Akwai abubuwan da Kaka ma ba ta taɓa gani ba. Ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas, har da wani kada mai tsawon kusan mita 10. Ga bishiyar Tenere, wadda ayarin gishirin Bilma ke gane hanya da ita, ita kaɗai tsakiyar rairayi, har wata babbar mota ta kaɓe ta a 1973 aka kawo gangar jikinta Yamai aka yi mata rumfa. A nan ni na zama mai bayani, ita tana ta salati.

Abin da ke damuna shi ne tsofaffi irin su Kaka suna ƙarewa, suna tafiya da abin da ke kansu. Duk mai tsohuwa ko tsoho a gida, daga Adar ne ko Arewa ko Damagaram, ya nemi wata safiya da ba ta Sallah ba, lokacin da babu cunkoso, ya kai shi. Ku tafi da yara, ku kunna salula ku naɗi abin da zai faɗa, da harshen da ya ga dama. Ni na naɗi na Kaka, na tura wa ƴan'uwa a Tawa ta WhatsApp, yanzu ƙanen mahaifina yana ta gardama wai ta manta da kotso, kuma ya ce in ya shigo Yamai shi zai ƙarasa bayanin.