Na je Bonkro ganin tsuntsu mai sanƙo

Daga Kumasi zuwa Bonkro ba wani abin faɗi, ban da direban da ya ji Hausa a bakina ya ninka min kuɗi, wai duk ɗan Najeriya alhaji ne. Sai da wani dattijo ɗan Zango ya sa baki, ya ce masa a ji tsoron Allah, sannan ya rage. Dattijon ya raka ni har bakin mota, ko sisi ya ƙi karɓa.

Bonkro ƙauye ne a yankin Ashanti. Ɗan jagora ya bi da mu ta gonakin koko, muka shiga kurmi, muka yi ta hawa har riga ta manne da baya. A ƙarƙashin wani makeken dutse ya zaunar da mu kan benci, ya ce ko tari kar a yi. Sama da kanmu ga sheƙunan laka manne da dutsen, irin ginin zanzaro, sai dai girman akushi. A ciki macen tsuntsun take saka ƙwai, galibi biyu.

Dab da magariba tsuntsun ya iso, ba da tashi ba, da tsalle. Picathartes ke nan: kai ba gashi ko ɗaya, rawaya fes, da baƙin tabo kowane gefe, ciki fari, ga doguwar wutsiya. Ya tsaya kan wata jijiya, ya karkata kai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya wuce abinsa. Masana sun sa shi cikin dangin tsuntsaye masu waƙa, amma ni ko uffan ban ji ya ce ba. A ƙasa yake kiwo, yana bin ayarin kwarkwasa yana tsince ƙwarin da suka koro, yana haɗawa da tana da katantanwa.

Tun shekarun 1960 aka daina ganinsa a Ghana, sai a 2003 aka sake gano shi. Kuɗin shiga ya yi tsada, na kuma faɗa musu, amma tunda shi ya sa mutanen ƙauyen ke gadin dutsen, ban ja ba.

Da fitila muka sauko. Washegari na leƙa gadar sama ta gandun dajin Kakum, cunkoso da ihun 'yan makaranta, ban daɗe ba na kama hanyar Accra.